Yarinyar da Ba Ta Rufe Ido a Addu'a

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Auta tana da ƙoƙari a makaranta, tana da tsabta, ba ta kuma raina manya. Aibinta guda ɗaya ne, wato sa ido.

In ka zo coci a makare, Auta ta gani. In safarka ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ta gani. In ka yi hamma ana wa'azi, ta ƙirga ko sau nawa ka yi. Yayanta yakan ce da ana gasar sa ido, da tuni ɗakinsu ya cika da kofuna.

Ɗakin makarantar Lahadi yana bayan coci. Benci shida ne a ciki, da allo, da taga ɗaya wadda ba ta rufuwa sosai. A benci na biyu Auta take zama. Daga nan tana ganin na gaba, in ta waiga kuma tana ganin na baya.

Wata Lahadi Malama ta shigo riƙe da hannun wata yarinya doguwa, siririya.

"Yara, ga baƙuwarmu," in ji Malama. "Kwanan nan suka dawo unguwarmu da zama. Ku karɓe ta hannu bibbiyu."

Ta zaunar da ita a benci na farko, daidai gaban teburinta. Auta ta leƙo daga baya ta ce, "Sannu da zuwa. Ajinki nawa a makaranta?"

Baƙuwa ba ta waiga ba.

Auta ta sake cewa, "Ke, da ke nake. Sannu da zuwa."

Shiru. Baƙuwa tana ta kallon Malama.

Auta ta taɓe baki. Ta raɗa wa ƙawarta, "Kin ga girman kai ko? Daga zuwanta!"

Da aka gama waƙa, Malama ta ce, "To, mu rufe idanunmu, mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a."

Kowa ya rufe ido. Auta ma ta rufe nata da tafin hannu, amma ta bar 'yar kafa tsakanin yatsu biyu. Haka take yi kullum. Ta wannan kafar take sanin wanda ke wasa da wanda ke cin alewa a ɓoye.

Ran nan ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Baƙuwa ta zauna a gicciye a ƙarshen benci, kanta a ɗage, idanunta a buɗe tar. Ko ƙiftawa ba ta cika yi ba. Ta zuba wa fuskar Malama ido tun daga farkon addu'a har aka ce Amin.

Lahadi ta biyu haka. Ta uku ma haka.

Auta ba ta iya riƙe magana a ciki. Ta tara ƙawayenta a gindin bishiyar da ke bakin ƙofa ta ce, "Yarinyar nan ba ta jin tsoron Allah. Ana addu'a tana zare ido. In an gaishe ta kuma ba ta amsawa. Ni na san irinsu, a gida ba a koya musu komai ba."

A nan ta laƙaba mata suna Ido-Buɗe. Kafin a tashi, sunan ya zaga ajin duka. Wani yaro mai yawan tsokana, wanda ake kira Dogo, ya fi kowa jin daɗinsa.

A Lahadi ta huɗu Malama ta zo da labari.

"Wata mai zuwa ku ne za ku bi da sujada a babban coci," in ji ta. "Wasu za su yi waƙa, wasu karatu. Mutum ɗaya kuma zai yi addu'ar buɗewa a gaban jama'a."

Auta ta gyara zama. Ita ce ta fi kowa haddar ayoyi. Ta daɗe tana gwada addu'ar a gaban madubin Mama.

Malama ta dubi baƙuwa, ta yi magana a hankali. "Ke za ki yi mana addu'ar."

Baƙuwa ta yi murmushi, karo na farko tun zuwanta. Auta kuwa haushi ya kama ta. Ta miƙe tsaye ba tare da ta ɗaga hannu ba.

"Malama, bai dace ba! Wannan ba ta jin tsoron Allah. Ba ta taɓa rufe ido a addu'a ba. Ta yaya za ta tsaya a gaban mutane ta yi mana addu'a?"

Ajin ya fashe da dariya. Baƙuwa tana ba Auta baya, amma ta ga fuskar Malama ta canza. Ta waiwaya. Ta ga bakuna a buɗe ana dariya, duk ana kallonta. Ta ga Dogo ya sa yatsu ya bankaɗe idanunsa yana cewa, "Ido-Buɗe! Ido-Buɗe!"

Ta ɗauki jakarta ta fita. Malama ta bi ta da sauri, amma ta riga ta shige cikin babban coci wurin mahaifiyarta.

Da Malama ta dawo, ajin ya yi tsit.

"Auta," in ji ta, "sau nawa kika ga idonta a buɗe?"

"Duk Lahadin da ta zo, Malama. Ban taɓa kuskure ba."

"Da wane ido kika gan ta?"

Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Malama ta dube shi, ya haɗiye sauran.

"Zauna," in ji Malama. Ta ci gaba da darasi.

Lahadi ta gaba wurin baƙuwa ya zauna babu kowa. Bayan an tashi, Auta ta hango Malama da Mama a gefen rijiya suna magana. Sun daɗe. Mama ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba.

Baban Auta kafinta ne, shagonsa yana jikin gidansu. Ranar Litinin da ta dawo daga makaranta, Mama ta kira ta can. Baba yana goge ƙafar wani tebur, garin katako ya yi masa fari a gira. Yaya yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran kekensa.

"Mahaifiyar yarinyar nan ta aiko wa Malama," in ji Mama. "Ta ce 'yarta ba za ta sake zuwa makarantar Lahadi ba. Kin ji abin da bakinki ya jawo?"

Auta ta tura baki. "To ai gaskiya na faɗa, Mama. Idonta a buɗe yake."

"Naki fa?" in ji Yaya.

"Ni don in duba ne na buɗe!"

"Wa ya sa ki dubawa?" in ji Mama. "Kin ga idonta, na yarda. Zuciyarta fa, ita ma kin leƙa kin gani? Wa ya naɗa ki alƙali har kika yanke cewa ba ta jin tsoron Allah?"

Baba ya ajiye takardar gugarsa. Ya lakato ɗan garin katako a kan yatsa, ya nuna mata. Sannan ya nuna wani ƙaton gungume da ke jingine a bango.

"Ubangiji Yesu ya taɓa kwatanta mutum irinki da waɗannan biyun," in ji shi. "Mutum yana yawo da abu kamar wancan a idonsa, amma damuwarsa ita ce ɗan wannan da ke idon ɗan'uwansa. Wanne ya kamata a fara cirewa?"

Yaya ya ce, "Baba, na Auta sai an kira mutum huɗu su ja."

"Kai kuma yi mana shiru," in ji Mama. Ta juya ga Auta. "Wanke fuskarki, ki sa takalmi. Gidansu za mu je."

"Mama, me ya sa ba ta rufe idon?"

"Ban sani ba. Malama ta ce ba nata ba ne ta faɗa. Ko ma mene ne dalilinta, kin kunyata ta a gaban mutane. Wannan kaɗai ya isa ki ba da haƙuri."

Gidan su baƙuwa ɗaki biyu ne a bayan wani shagon magani. Mahaifiyarta tela ce. Keken ɗinkinta yana kusa da taga, ƙyallaye sun zube a ƙasa, wasu akwatuna ma ba a gama kwance su ba. Baƙuwa tana zaune a kan tabarma, ta ba ƙofa baya, tana jera maɓallai a cikin gwangwani.

Mama ta yi sallama, Tela ta amsa. Suka gaisa, suka tambayi juna gida da aiki. Duk wannan gaisuwar, baƙuwa ba ta waiga ba. Auta ta lura, amma yau ba ta taɓe baki ba.

"'Yar'uwa, laifi muka yi, muka zo ba da haƙuri," in ji Mama.

Tela ta matsa ta dafa kafaɗar 'yarta. Yarinyar ta juyo. Da ta ga Auta, sai ta ɗaure fuska.

Auta ta durƙusa yadda aka koya mata a gida. Ta sunkuyar da kai ƙasa, ta ce da ƙaramar murya, "Ki yi haƙuri da abin da na yi miki. Na tuba."

Ba a amsa ba.

Ta ƙara sunkuyar da kai, har haɓarta ta taɓa ƙirji. "Don Allah ki yafe mini."

Shiru dai. Auta ta ji haushin nan yana neman dawowa. A ranta ta ce, ga shi kuwa, har a gaban manya.

Sai Tela ta ce, "'Yata, ɗago kanki. Ba ta ganin bakinki."

Auta ta ɗago a rikice.

Tela ta dubi 'yarta. "In faɗa musu?"

Yarinyar ta ɗaga kafaɗa, ta koma kallon maɓallanta.

"Shekara biyu ke nan ta yi wani zazzaɓi mai tsanani," in ji Tela. "Allah ya tashe ta, amma kunnenta bai dawo daidai ba. Na dama ba ya ji sam. Na hagu yana jin ƙara, amma ba ya rarrabe magana. Da ido take ji. Leɓen mutum take kallo ta gane abin da yake faɗa. In kin yi mata magana ta baya, kamar ba ki yi ba ne. In ta rufe ido kuma, ba ta cikin addu'ar ke nan."

Mama ta ce, "Wayyo Allah."

"A cocin da muka baro ta taɓa rufewa, don kada a ce ta fita daban," in ji Tela. "Aka ce Amin ba ta sani ba. Yara suka tashi suka kewaye ta, ita tana nan a sunkuye. Wata guda suna yi mata dariya. Shi ya sa da muka zo nan ta roƙi Malama kada ta gaya wa kowa."

Auta ta tuna gaisuwar da ta yi ta baya. Ta tuna abin da ta faɗa a gindin bishiya. Kunya ta kama ta sosai, ga shi kuma babu damar sunkuyar da kai.

Baƙuwa ta ɗago ta dube ta. Muryarta tana da ɗan ƙarfi, kamar ta wanda ba ya jin kansa da kyau.

"Ran nan me kika ce?" in ji ta. "Dariya kawai na gani. Kina bayana, ban ga bakinki ba. Kowa ya ji, ni kaɗai ce ban ji ba. Faɗa mini."

Auta ta dubi Mama. Mama ba ta cece ta ba.

Abu ne mai sauƙi a faɗi magana a bayan mutum. Auta ta gano cewa a gabansa, ido cikin ido, a hankali yadda zai karanta kowace kalma, wani abu ne daban.

"Na ce," in ji ta, "ba kya jin tsoron Allah."

Baƙuwa ta bi leɓen da kallo har ƙarshe.

"Kullum ina addu'a gare shi," in ji ta. "Har na roƙe shi ya ba ni ƙawa a sabon wurin nan."

Nan Auta ta fashe da kuka. Baƙuwa ta jira ta ɗan lafa, sannan ta ce, "In kina kuka ba na gane maganarki."

Auta ta share fuska da bayan hannu. Ta ɗaga kai sosai ta ce, "Na yi miki ƙarya. Ban san komai a kanki ba. Haushi nake ji don an zaɓe ki ba ni ba. Ki yafe mini. Ki dawo."

"Na yafe miki," in ji baƙuwa. "Amma ban ce zan dawo ba."

"In gaya wa 'yan aji dalilin?"

"A'a. Kunnena ne. In za a faɗa, ni zan faɗa."

A hanyar gida Auta ba ta ga safar kowa ba, ba ta ga wanda ya yi hamma ba. Abu ɗaya take tunani: in yarinyar nan ta daina zuwa, ita ce ta kore ta.

Ranar Lahadi wurin baƙuwa yana nan babu kowa. Da aka gama waƙa, Auta ta ɗaga hannu.

"Malama, ina da magana."

"Fito gaba."

Ta fito ta fuskanci ajin.

"Abin da na faɗa a kan baƙuwarmu ba daidai ba ne," in ji ta. "Na ga idonta a buɗe don nawa ma a buɗe yake. Kullum ina leƙenku ta tsakanin yatsu, ba na jin addu'ar ma. Ita tana da dalilinta, ni ba ni da shi. Sunan nan kuma ni na ƙirƙiro shi. Don Allah kada kowa ya sake faɗa."

"Wane dalili?" in ji Dogo.

"Ba nawa ba ne in faɗa."

Tana rufe baki, aka ga inuwa a ƙofa. Baƙuwa ce, mahaifiyarta na bayanta. Ashe sun ɗan jima a tsaye. Daga ƙofa ana ganin fuskar mai tsayuwa a gaban allo sarai, kuma baƙuwa ta karanta abin da Auta ta faɗa.

Ta shigo ta tsaya kusa da Auta. Ta ce, "Kunnena ba ya ji sosai. Bakin mutum nake kallo. In za ku yi mini magana, ku zo ta gabana. In kun zo ta baya, ku taɓa kafaɗata. Shi ke nan."

Ta je ta zauna a wurinta.

Dogo ya yi tsuru-tsuru. Can ya tashi ya zagayo ta gabanta, ya wage baki kamar mai shirin haɗiye ƙwai, ya ce, "KI... YI... HA... ƘU... RI."

"Ba sai ka buɗe shi haka ba," in ji baƙuwa. "Har abin da ka ci da safe na gani."

Aka yi dariya, wannan karon har da ita.

Malama ta bari aka natsu, sannan ta tsaya inda baƙuwa za ta gan ta.

"Yara, Yesu ya hana mu yanke wa juna hukunci," in ji ta. "Ya ce yadda muka auna wa wasu, haka mu ma za a auna mana. Mu abin da ke waje kaɗai muke gani, shi ma ba duka ba. Allah ne yake ganin zuciya. Rufe ido a addu'a abu ne mai kyau, yana hana hankali yawo. Amma ba shi ne addu'ar ba. In kun ga abin da ba ku gane ba a wurin wani, ku tambaye shi cikin ƙauna, ko ku yi shiru. Kafin nan kuma kowa ya fara duba kansa."

Daga ranar Auta ta koma benci na farko, kusa da baƙuwa. In Malama ta juya tana rubutu a allo tana magana, Auta sai ta maimaita mata a hankali. Ba su zama aminai rana ɗaya ba. Sai da aka yi makonni kafin baƙuwa ta fara jiranta a bakin ƙofa su tafi gida tare.

Ranar da yara suka bi da sujada, coci ya cika. Baƙuwa ta hau gaba ta yi addu'ar buɗewa. Muryarta ta fita sarai har bencin ƙarshe. Ta gode wa Allah don iyaye da malamai, ta roƙa wa marasa lafiya sauƙi, ta kuma gode masa don ya ba ta ƙawa. Jama'a suka amsa da Amin mai ƙarfi.

Da suka koma gida, Yaya ya tare Auta a tsakar gida.

"To, sarkin sa ido, ba mu labari. Yau da ita ce mai addu'ar, ba bakin kowa za ta kalla ba. Ta rufe idon ko ba ta rufe ba?"

"Ban sani ba," in ji Auta. "Nawa a rufe suke."

Mama ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta. Auta ta koyi darasinta: kada ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da idonka ya gani, domin ba ka san abin da yake fama da shi ba. Ka gyara naka laifin, ka bar wa Allah shari'ar zukata.